Sabarmu ta koma tafiyar hawainiya: a tilasta wa katin RAID ko a jira batir?

Aminu BK: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Taimako nake nema da gaggawa. Akwai wani injin casar shinkafa a hanyar Argungu da nake kula musu da kwamfutoci. Sabarsu, wato babbar kwamfutar da sauran ke dogara da ita, Dell R720 ce tokumbo, da katin RAID PERC H710 (shi ke haɗa faya-fayai su yi aiki kamar ɗaya), faifai huɗu na SATA a haɗe a RAID 5. Manhajar sikeli da ta sito da ta albashi duk a kanta suke, rumbun bayanan kuma MySQL ne. Tun makon jiya ta koma tafiyar hawainiya. Mota ta hau sikeli, magatakarda ya danna ajiyewa, sai ya naɗe hannu yana jira. Ga lokacin shigowar shanshera, layin motoci har bakin titi. Faya-fayan duk koriyar wuta suke nunawa, RAM bai cika ba, bairos babu. Alhaji ya ce in ba zan iya ba in faɗa masa.

Maryam Aliero: Wa alaikumus salam. Buɗe tsofaffin bayanai ma yana nauyi, ko ajiye sabo ne kawai?

Aminu BK: Ajiyewa ce kawai Anti. Rahoton watan jiya ma nan take yake buɗewa.

Injiniya Garba Argungu: To ai ka gama hwaɗin ciwon da bakinka. Aminu, ka dubi batirin katin? Shiga iDRAC ko OpenManage, manhajojin Dell na duba lahiyar saba, ka ga mi yac ce. In kana da MegaCli, manhajar ba katin umarni, buga wanga:

MegaCli -LDInfo -Lall -aALL

Layi biyu za ka duba, saitin da anka ba katin tun hwarko da wanda shika aiki da shi yanzu. Turo muna su.

Aminu BK: Ranka ya daɗe ga su:

Default Cache Policy: WriteBack, ReadAdaptive, Direct, No Write Cache if Bad BBU
Current Cache Policy: WriteThrough, ReadAdaptive, Direct, No Write Cache if Bad BBU

iDRAC kuma ya sa alamar gargaɗi a kan batir, ya ce ya gaza.

Injiniya Garba Argungu: Madalla. Sabarka lahiyarta lau, katin ma lahiyatai lau. Abin da anka gina shi shi yi, shi yay yi. Bari in yi ma bayani da littahin bashi, don yaran da ka cikin zauren ga su ƙaru.

Mai shago shina da babban littahi cikin durowa. In kowane bashi sai ya buɗe durowa, ya lalubo shahin mutum, ya rubuta, sannan shi sallame shi, layi za shi yi tsawo amma ba abin da ka ɓacewa. Wanga shi na rubutun kai-tsaye, WriteThrough ko WT. In ko ya ce ma "je ka, na rubuta", alhali ƙaramar takarda yas saka ma alƙalami, sai an samu sarari shi kwashe cikin babban littahi, layi gudu za shi yi. Wanga shi na rubutun jinkiri, WriteBack ko WB. Ƙaramar takardar ita ta memorin katin, megabait 512 ga H710. Matsalar ita ta, memorin irin na RAM na, wuta na ɗaukewa rubutun ya goge. Shi yas sa anka ɗaura mishi batir. Ga H710 aikin batirin shi riƙe katin na ɗan lokaci har shi kwashe abin da ke memori zuwa wani ƙaramin filashi da ke jikinai. Wuta ta dawo, shi ɗauko daga filashi shi zuba ga hwaya-hwayai, ba a yi asarar komi ba.

Yanzu batir ya mutu. Katin ya ga ba shi da inda za shi ɓoye takarda in an ɗauke wuta, sai yak koma buɗe durowa kowane bashi. Sayi batir.

Sa'adu Yauri: Allah ya ƙara basira Injiniya. Amma don Allah bambancin har ya kai a tara layin motoci? Ni na ɗauka ɗan kaɗan ne.

Maryam Aliero: Ya kai har ya wuce, Malam Sa'adu, musamman a RAID 5. Yi lissafin da kanka. Faifan da ke juyi 7200 a minti, sau 120 yake zagayawa a daƙiƙa, kowane zagaye milisakan 8.3. Ka haɗa da lokacin da allura take ɗauka kafin ta isa wurin, sai ka ga faifai ɗaya bai wuce ƙananan ayyuka kamar 80 zuwa 100 a daƙiƙa ba. Shi kuma RAID 5, duk ƙaramin rubutu ɗaya aiki huɗu yake ci: a karanto tsohon bayani, a karanto tsohon lissafin kariya (wanda ake sake gina faifan da ya mutu da shi), a rubuta sabon bayani, a rubuta sabon lissafi. Faifai huɗu a raba da huɗu, ka koma ƙarfin faifai ɗaya ke nan. MySQL kuwa ba ya cewa an ajiye sai katin ya tabbatar masa an rubuta, kuma dannawa ɗaya a manhajar sikeli tana iya zama rubutu da yawa a jere, kowanne yana jiran na gabansa. Da batir, katin yana amsawa cikin ƙasa da milisakan ɗaya, ya tara rubuce-rubucen, ya jera su, sau da yawa ya zuba cikakken layi gaba ɗaya ba sai ya karanto komai ba.

Bashar Sola Jega: Duk wanga dogon karatu na. Aminu, sake kunna sabar, danna Ctrl da R, shiga saitin haɗin, ka sa mishi alama ga wurin da yac ce a tilasta WB ko babu batir. Minti biyar aikin ya ƙare, Alhaji shi yi ma murmushi. Ba ni nis saka muku sola nan ba? Inbata mai kyau, batura litiyam, ohis ɗin ga bai san ɗaukewar wuta ba. Mi ƙaramin batiri awa na waya za shi yi wanda bangon batura bai yi ba?

Aminu BK: Gaskiya solar ba ta taɓa ba mu kunya ba. Kuma akwai UPS a ƙarƙashin sabar.

Injiniya Garba Argungu: Bashar, na san aikinka, ba ni da ta cewa ga solarka. Amma solarka bango taka tsaro, batirin katin ko memori shika tsaro. Tsakanin bango da memori ƙidaya mini: bireka, soket, UPS, wayar wuta, fawa-sufulai na sabar, allon uwa. Kowane ɗaya yat taɓu, wutar katin ta tahi, ko da baturanka sun cika maƙil. Mai shara ta ja waya da tsintsiya. Yaro ya ga allo ya daskare shi danne maɓallin wuta. Wani ya jona butar lantarki ga UPS don shayin Alhaji. Wanne solarka ta hana?

Bashar Sola Jega: Baba Injiniya, waɗanga duk "in" da "ko" na. Layin motoci kau ga shi nan ido na gani. Manomi ya taso tun daga Suru ko Bagudo da kayanai, shi kwana bakin ƙohwa don ana tsoron mai shara? Gobe wani injin za shi kai. Asarar yau tabbas ta, taku ko wataƙila.

Nura Gusau: Ni dai a nan ina bayan Bashar rabi. Maganar kasuwa gaskiya ce. Amma abin da nake tsoro shi ne Windows ya faɗi, shuɗin allo ya fito alhali akwai rubutu a memori.

Maryam Aliero: Wannan ba shi ne abin tsoron ba, Nura. In Windows ya faɗi, katin bai faɗi ba. Yana da ƙwaƙwalwarsa, wuta na jikinsa, zai ci gaba da zuba abin da ya karɓa a faya-fayai. Abin da ke halaka memori shi ne yankewar wuta daga katin kansa. Sai dai abin da mutane ke yi bayan shuɗin allon shi ne matsalar, don mafi yawa waya suke cirewa.

Sannan Malam Bashar, akwai wani abu game da inbata. Ƙa'idar fawa-sufulai ta ATX milisakan 16 ce kawai ta ce ya iya riƙewa in wuta ta yanke yana ɗauke da cikakken kaya. Inbata ta gida in an bar ta a saitin da ke karɓar kowace irin wuta, sauyinta daga layi zuwa batir yana iya wuce haka. Fanka da firji ba za su ji ba, kwamfuta za ta ji. Ka san wannan fiye da ni.

Bashar Sola Jega: Na sani Malama, shi yas sa nika barin nawa ga saitin UPS kullum.

Maryam Aliero: Har ranar da wani zai ga janareta na ba da wuta mai rawa, inbata ta ƙi karɓa, ya je ya sauya saitin ba tare da ya kira ka ba.

Malam Lawal Admin: Wanda ya turo tallan data da katin waya yanzu, na goge. Ranar Asabar ce ta talla. A ci gaba.

Injiniya Garba Argungu: Akwai abin da ba a hwaɗi ba, kuma shi na babba. Mutane na tunanin in memori ya goge, awon mota guda ko biyu za a rasa, a sake rubutawa daga tikiti. Da haka na, da ni ma na ce a tilasta. Amma MySQL ya riga ya karɓi alkawali cewa an rubuta. Ya gina na gaba bisa na baya. Katin kuma ba bisa jerin da anka ba shi shika zubawa ba, shina sake jeri don sauri. Sai ka iske na goma ya isa hwaihwai, na ukku bai isa ba. Littahin da rumbun bayanai ka amfani da shi shi gyara kainai bayan ɗaukewar wuta, shi kanshi ya tsage. Sai rumbun shi ƙi tashi. Wanga ma da sauƙi, don ka gani. Mai muni shi na shi tashi lahiya lau, ana aiki, alhali wani shahi ya ruɓe ciki, sai ƙarshen wata wurin biyan dillalai a ga lissahi bai haɗuwa, kuma kwafin ajiyar da kaka yi kowane dare duk ya kwashi ruɓar.

Sai na RAID 5 kanshi. In bayani ya sauka lissahin kariya bai sauka ba, haɗin ba ya nuna komi. Sai ranar da hwaihwai guda yam mutu, katin shi sake gina shi da lissahin da ba daidai ba, shi ba ka shara shina ce ma bayani na.

Na taɓa zuwa wata makaranta, ba ni hwaɗin suna. Wanda yag gabace ni ya tilasta WB babu batir, an yi shekara ana yabonai. Rannan bireka taf faɗi lokacin shigar da sakamako. Da anka kunna, katin yar rubuta ƙarara cewa an samu matsalar memori ko batir, shi ya murmure amma abin da ke memori ya ɓata, a danna kowane maɓalli a ci gaba. Malamai sun koma ga takardun jarabawa suna shigarwa da hannu. Shi mai saitin ya daɗe da barin garin.

Bashar Sola Jega: Shekara guda ana jin daɗi hwa, Baba.

Sa'adu Yauri: Hahaha Bashar ba ka da dama.

Aminu BK: To yanzu ni mene ne mafita kafin batir ya zo? Na tambaya a nan Birnin Kebbi babu. Wani a Kano ya ce sai ya duba, na Ikko ya ce akwai, amma kun san mota. Ba zan iya ce wa Alhaji ya jira kwanaki ba.

Maryam Aliero: Akwai hanya, kuma ita ce amsar maganar Malam Bashar, don yana da gaskiya cewa ba a tsayar da kasuwa. In dole sai an sassauta, a sassauta a sama, wato a MySQL, inda aka san girman asarar, kada a sassauta a ƙasa, a katin, inda ba a sani ba.

A MySQL akwai saitin innodb_flush_log_at_trx_commit. Asalinsa 1 ne, wato kowane ajiyewa sai an jira faifai. Mayar da shi 2. Sai ya riƙa miƙa wa Windows rubutun nan take, yana matsa shi zuwa faifai kusan sau ɗaya a daƙiƙa. In wuta ta yanke, abin da za ka rasa ajiyar kusan daƙiƙa ɗaya ce ta ƙarshe, rumbun kuma zai tashi daidai, domin shi ya san abin da ya tabbatar da wanda bai tabbatar ba. Ba wanda ya yi masa ƙarya. A sikeli daƙiƙa ɗaya tikiti ɗaya ne, kuma yana hannun direba. Ka duba sync_binlog ma. In MySQL 8 ne binlog, wato kundin sauye-sauyen da aka yi a rumbun, a kunne yake zuwa, shi ma yana jiran faifai a kowane ajiyewa. In ba kwa kwafa zuwa wata saba da shi, za ka iya sa shi 0 na wucin gadi. Ka rubuta abin da ka sauya a takarda ka manna a jikin sabar, ranar da batir ya zo ka mayar da su.

Ba zai kai gudun da ba, amma layin zai motsa.

Injiniya Garba Argungu: Allah shi yi miki albarka ɗiyata. Wanga na yarda da shi. Aminu, kahin ka taɓa komi, ɗauki kwafin ajiya ka hidda shi daga sabar.

Bashar Sola Jega: To tunda kun hana na kati, shi kunna memorin hwaya-hwayan su kansu mana. Kowane hwaihwai na da nashi, 64 ko 128 megabait. Kyauta na.

Injiniya Garba Argungu: Wanga ya hi na hwarko muni. Memorin hwaihwai ba shi da batir ko da na kati lahiyatai lau. Katin shi zuba ma hwaihwai, hwaihwai shi ce na rubuta alhali ga memori yab bar shi, katin shi saki kwafinai. Wuta ta yanke, batirin kati ba shi da abin cetowa. Aminu, dubi ma wanga layin, Disk Cache Policy. In a kunne shike ko an bar shi ga zaɓin hwaihwai, kashe shi. Na SATA galibi a kunne suka hitowa daga kamfani.

Aminu BK: A zaɓin faifai yake. In na kashe ba zai ƙara nauyi ba?

Injiniya Garba Argungu: Za shi ƙara kaɗan yanzu. In batir ya zo ba ka jin bambanci sosai, memorin kati ya ɗauke nauyin.

Malam Ɗanjuma Zuru: Sannunku, yanzu na shigo na karanta daga sama. Mu masu HP ma haka take. Umarnin ssacli ctrl all show status zai nuna maka lafiyar kati da ta memori da ta batir a layi uku. Namu ma akwai wurin kunna rubutun jinkiri babu batir, kuma a kashe yake zuwa. Abin da nake so in ƙara shi ne zafi. Tsofaffin katunan P410i da ke da batir, ba sa daɗewa a ɗakin da babu sanyi. Waɗanda ke da kafasita da filashi sun fi jurewa, kuma kafasita cikin mintuna take cika, ba sa'o'i ba. Katin P420i da ke sabobin Gen8 kafasita ce. Kamfanin LSI ma suna da irinta, CacheVault suke kira. Duk wanda zai sayi tokumbo a yankin nan ya tambayi wannan kafin ya tambayi girman RAM.

Tsohon tsarin batir, kamar na katin PERC 6, batirin ne yake riƙe memori da rai har wuta ta dawo, kwana uku in yana sabo. A ƙasashen da aka ƙera su wannan ya isa. Mu da taransifoma ke lalacewa a yi mako biyu, ko a rufe ofis hutun Sallah, kwana uku ba komai ba ne. Kuma su PERC 6 ɗin duk kwana 90 suke gwajin batir, su sauke shi su sake cika shi, a lokacin sai su koma WT da kansu. Mutum ya ga saba ta yi nauyi yau, jibi ta warke, ya ce aljanu ne.

Nura Gusau: H710 ma yana wannan gwajin?

Malam Ɗanjuma Zuru: Yana yi, amma ba ya sauke batirin har ƙasa, don haka ba ya barin WB. Na Aminu ba gwaji ba ne, iDRAC ya ce ya gaza.

Maryam Aliero: Aminu, sabar a ina take zaune?

Aminu BK: Wani ɗan ɗaki kusa da ofishin sikeli. Akwai fanka. AC ɗin ana kashe shi in an tashi aiki don kada ya shanye baturan sola.

Maryam Aliero: Ga shi nan. Afrilu a Kebbi zafi yana wuce digiri 40 a inuwa, ga kwano, ga ɗaki a rufe, ga batirin a manne da katin da shi kansa zafi yake fitarwa. Litiyam ba ya shiri da zafi. In ka buɗe ka duba ko ya kumbura. Ga kuma ƙurar ɓuntu, ta toshe iskar sabar ta ƙara mata zafi.

Bashar Sola Jega: Ni nic ce su kashe AC da dare, gaskiya. Amma da Alhaji ya yarda da yawan fanel ɗin da nir rubuta mishi, da ba a kai nan ba.

Nura Gusau: Tunda ana maganar, ni tambayata daban. Ina da Proxmox, manhajar da ke gudanar da kwamfutoci da yawa a cikin saba ɗaya, a wata cibiyar jarabawar kwamfuta a nan Gusau, faya-fayan duk SSD ne, marasa juyi. Ni ma sai na damu da batir?

Maryam Aliero: Ya danganta da irin SSD ɗin. Na saba, irin su Intel S3700 ko Samsung PM883, suna da kafasitoci a cikinsu da ke ba su damar kammala rubutu in wuta ta yanke. Su ana barin memorinsu a kunne, kuma da yawa sun fi gudu in katin yana WT, don memorin katin ba ya ƙara musu komai sai tsayawa a hanya. Na laftof da ake sayarwa a kasuwa galibi ba su da wannan kariyar.

In kuma tsarin ajiyar fayil na ZFS kake amfani da shi, shi ba ya son katin RAID a tsakaninsa da faya-fayai sam. So yake ya ga kowane faifai da idonsa, ya ba da umarnin zubewa da kansa. Katunan H330 da H730 suna da yanayin HBA, wanda ke miƙa faya-fayai kai tsaye, H710 ba shi da shi. Sannan a Proxmox kowace kwamfutar da ke gudana a ciki tana da nata saitin memorin rubutu. Bar shi a none, yadda ya zo. Akwai wanda ake kira unsafe, shi watsi yake da umarnin zubewa gaba ɗaya, sunansa ya ishe ka gargaɗi.

Nura Gusau: ZFS ne a kan H330, none ne. SSD ɗin ne dai na kasuwa. Zan yi wa mai cibiyar magana.

Sa'adu Yauri: Mu 'yan shagon buga takardu fa? Ba mu da RAID, filashin kwastomomi ne kullum ke lalacewa su ce mu ne.

Malam Ɗanjuma Zuru: Magana ɗaya ce, ƙaramarta ce kawai. Shiga Device Manager, ka buɗe filashin, shafin Policies. Zaɓi biyu ne, cirewa da sauri ko ƙarin gudu. Na biyun yana tara rubutu a RAM, in an fizge filashi kafin ya zube, fayil ya tafi. Tun Windows 10 sigar 1809 Microsoft ta mayar da na farkon ya zama na asali, amma masu Windows 7 da kwamfutocin da aka taɓa su duba. Ko da hakan, kada a cire ana tsakiyar kwafa. A babban faifan kwamfutar kuma akwatuna biyu ne. Na sama, kunna memorin rubutu, ka bar shi, don Windows yana tura umarnin zubewa a kan kari. Na ƙasa, wanda ke kashe wannan umarnin, kada hannunka ya je wurin.

Aminu BK: Alhamdu lillahi. Na ɗauki kwafi, na sa 2 ɗin da Anti Maryam ta ce, na kashe memorin faya-fayai bayan an tashi aiki. Yau da safe magatakarda ya ce akwai ɗan jira amma ba kamar da ba. An sallami motocin jiya duka kafin azahar. Na buɗe murfin na leƙa, batirin ya kumbura har ya ɗaga.

Injiniya Garba Argungu: Karanta lambar da ke jikinai ka tura ma mai sayarwa, kak ka ce mishi "na R720" kawai. Kuma shi ɗauko ma hoton ranar da anka ƙera shi. R720 tun 2012 taf fito, akwai batura da sunka kwana cikin kwali shekaru, ana ce musu sabbi don ba a taɓa jona su ba. In ya zo, kashe sabar ta hanyar Windows yadda ya kamata, zare wayoyin wuta duka biyu, sannan ka taɓa katin. Tsohon kuma kak ka jehwa shi cikin shara inda aka ƙonawa.

Malam Ɗanjuma Zuru: Tunda fawa-sufulai biyu ne, kada ka jona su wuri ɗaya. Ɗaya a UPS, ɗaya kai tsaye a layin inbata. Ka kuma jona wayar USB ta UPS ɗin da sabar, ta yadda in batirinsa ya kusa ƙarewa zai ce mata ta kashe kanta.

Aminu BK: Salam. Batir ya iso jiya da yamma ta tashar mota, na saka. Amma har yanzu WT yake nunawa! Ko jabu aka turo min?

Injiniya Garba Argungu: Mi iDRAC yac ce ga batirin?

Aminu BK: Ya ce yana caji.

Injiniya Garba Argungu: To ka bar shi. Katin bai komawa WB sai batir ya kai inda za shi iya aikinai. Sa'o'i shika ɗauka. Kak ka taɓa saiti, da kainai za shi juyawa.

Aminu BK: Ya juya! Layin biyu duk WriteBack yanzu. Na mayar da saitin MySQL 1, sync_binlog ma 1, kuma gudun ya fi na lokacin da nake kan 2. Na gode ƙwarai iyayena da yayyena.

Maryam Aliero: Ka sa katin ya yi binciken daidaiton RAID ɗin a daren da ba a aiki, tunda ba ka san tun yaushe batirin ya fara rauni ba. Ka kuma saita iDRAC ya riƙa turo maka imel in batir ko faifai ya yi gargaɗi, ba sai magatakarda ne zai gaya maka ba.

Bashar Sola Jega: Barka Aminu. Amma ni har gobe ina nan bisa bakata: da ka tilasta na kwanakin ga, ba abin da za shi faru.

Injiniya Garba Argungu: Wataƙila. Sabar taka ta, ka gwada ga taka. Kai dai je ka ƙara musu fanel AC shi kwana kunne, in ba haka ba baɗi war haka Aminu na nan shina neman wani batir.

Bashar Sola Jega: Wanga kau sai Alhaji ya saki kuɗɗi. Aminu, shirya muna zama da shi ran Litinin.

Nura Gusau: Aminu, in an gama kakar shanshera ka yi tunanin mayar da haɗin RAID 10, inda ake rubuta kowane bayani a faifai biyu. Faifai huɗun nan sun isa, rubutu biyu ne maimakon huɗu, ranar da batir ya sake mutuwa ba za ka ji jiki haka ba.

Aminu BK: Wuri zai ragu daga na faifai uku zuwa na biyu ko?

Nura Gusau: Eh, kuma sai ka rushe haɗin ka dawo da komai daga kwafi. Nawa kuka cika yanzu?

Aminu BK: Bai kai rabi ba. Bari in duba in turo.